Ɗanlaraba, Tsakanin Ƙira da Kira

A unguwar Lalala ta Libreville, bayan layin masu sayar da busasshen kifi, akwai wata rumfar kwano da tartsatsin wuta ke fita daga cikinta tun hantsi. Rumfar Ɗanlaraba ce, mai walda. Ƙofofi yake yi da tagogi da murhun mata masu suya, wani lokaci kuma ya ɗinke ƙashin motar da ramukan hanya suka karya. Siririn mutum ne, baƙi, furfurarsa duk a gemu ta taru, shekarunsa sun haura sittin. Idan ka miƙa masa ƙarfe ba ya fara dubansa da ido. Sai ya rataye shi a yatsa, ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma, ya karkatar da kai kamar mai sauraron magana ta bayan katanga. Daga nan zai gaya maka ko ƙarfen lafiyayye ne ko yana ɓoye tsaga.

A Tasawa aka haife shi, a ƙasar Nijar, a gidan maƙera. Yakan ce kafin ya gama sanin muryar uwarsa ya san ta uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake dukan hauya a kansa. Ubansa ne ya koya masa sauraro. Ya nuna masa cewa lafiyayyen ƙarfe yakan ja numfashi mai tsawo bayan an buge shi, mai tsaga kuwa sai ya haɗiye maganarsa. Da shekarun fari suka jera, manoma suka daina sayen hauya, wutar maƙera ta yi sanyi, uban kuma ya rasu. Ɗanlaraba ya bi hanyar kudu, ya yi Kano, ya yi Kalaba, ya kwana biyar a kwale-kwale yana amai, ya sauka Gabon da riga biyu da gudumar ubansa. Wani mutumin Benin ya koya masa walda. Daga baya ya auri Salamatou, 'yar Maraɗi mai sayar da waina a bakin kasuwa, suka haifi 'ya guda, Aïcha, wadda yanzu take aikin jinya.

Wannan shi ne abin da yake ci da shi. Abin da yake rayuwa dominsa kuma daban ne. Shekara goma sha huɗu shi ne ladanin ƙaramin masallacin Lalala. Ba a biyansa, bai kuma taɓa nema ba. Lokaci na kusantowa sai ya kashe injin, ya wanke baƙin hannunsa da garin sabulu, ya sauya riga, ya bi ta tsakanin teburan kifi ya shiga masallaci ya ɗauki lasifika. Muryarsa ba babba ba ce, amma tana da tsawo, tana fita a hankali kamar zaren da ake ja daga abawa. A garin da ruwa ke zuba wata tara, garin da ake kiransa baƙo ko bayan shekara talatin, waɗannan 'yan mintoci ne kaɗai yake jin ƙasa ta tsaya cak a ƙarƙashin ƙafarsa. Salamatou takan ce idan aka raba shi da lasifikar nan, gara a raba shi da abinci.

Wata safiya wani tsoho ɗan ƙasa ya shigo rumfar rungume da wani abu naɗe a jarida. Sunansa Obame, amma kowa Papa yake ce masa. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, ya kusa tamanin, kullum da kwat da aka goge ko da rana na dafa mutum. Da ya warware jaridar sai ga ƙarfe mai kama da gajeriyar taɓarya, kansa dunƙule, wutsiyarsa a karye. Ɗanlaraba ya jujjuya shi bai gane ba. Papa ya yi masa bayani da Faransanci cewa harshen ƙararrawar coci ne, shi ke dukan cikinta idan an ja igiya.

Yana jiran gyara ya ba da labarinsa. Ya ce ƙauyukan kurmi sun zama kango, samari duk sun taho birni, an bar tsofaffi da ayaba. Fada, limamin coci, yakan leƙa wasu sau biyu a shekara. Ƙararrawa na nan rataye, ba mai ja. Tun da matarsa ta rasu ya ɗora wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi: duk Asabar sai ya tafi ƙauye guda, ya kaɗa ƙararrawarsu da tsakar rana, ya sha ruwa, ya dawo. Ya ce ƙauyen da ya daɗe bai ji ƙararrawarsa ba yakan manta cewa shi gari ne, ya ɗauka gidaje ne kawai suka haɗu a bakin hanya.

Harshen ya gyaru, amma sai an ɗaura shi, Papa kuma ba ya iya riƙe sifana. Haka Ɗanlaraba ya bi shi a karon farko, a motar Yacouba, wani ƙaton Buzu mai kilando, wato motar haya da ba ta da fentin tasi. Maƙera da Buzaye abokan wasa ne tun a gida, don haka tun daga Lalala har bayan Ntoum ba a daina tsiya ba. Yacouba ya ce ya ɗauki awaki a motar nan, ya ɗauki gawayi, amma bai taɓa ɗaukar kaya mai baƙi kamar maƙeri ba. Ɗanlaraba ya ce ba laifinsa ba ne, raƙumi ya saba ja, shi ya sa yake tuƙi kamar motar za ta durƙusa.

A ƙauyen, ya hau ya ɗaura harshen, ya sauko, ya tsaya a gindin wani mangwaro. Papa ya tuɓe kwat ya ja igiya. Ɗanlaraba ya yi shekara hamsin yana sauraron ƙarfe, amma bai taɓa jin wanda ke magana da murya uku a bugu ɗaya ba. Akwai ta sama mai kaifi da ke tashi ta wuce kan itatuwa, akwai ta tsakiya, sannan akwai wata ta ƙasa da ba kunne ke jinta ba, ƙirji ne. Ita ce ke daɗewa. Bayan sauran sun tafi tana nan tana shawagi a kan jar ƙasa, har kaji suka koma kiwo ba ta gama ba. Asabar ta gaba, Ɗanlaraba da kansa ya tambayi Papa ina aka nufa.

Magana ba ta daɗe ba ta isa masallaci. Alhaji Baraka, Bakano mai shago a unguwar Plaine Orety kuma shugaban kwamitin masallacin, shi ya fara ce masa ladanin coci, da wasa a baki amma ba wasa a ido. Liman Abdulhafiz, dattijo mai sanyin magana, ya kira shi gefe bayan La'asar ya tambaye shi gaskiyar abin da ake faɗa.

"Allah gafarta Malam, ni ƙira nake yi, ba kira ba," in ji Ɗanlaraba. "Ina gyara ƙarfe kamar yadda nake gyara ƙofofinsu. Mai kiran daban yake."

Liman ya yi murmushi, ya maimaita kalmomin biyu a hankali, ƙira da kira, ya ce tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi ɗan lanƙwasar alƙalami ba, mutum ya kula da ƙafarsa. Ya ce bai ga laifi ga maƙeri ya yi wa maƙwabci aiki ba. Amma bakin da ke kiran mutane salla, bai kamata hannunsa ya kira su wani wuri ba. Sharaɗi guda ya gindaya masa: ya gyara duk abin da zai gyara, amma ranar da hannunsa ya fitar da murya daga ƙararrawa, ranar zai ajiye lasifika. Ɗanlaraba ya ce ya ji, ya kuma yi alkawari. Aka shirya cewa duk Asabar ɗin da ya yi tafiya, Mahdi tela, surukin Alhaji Baraka, zai riƙe masa kiran.

Shekara uku yana riƙe da alkawarin nan. Sun zaga ƙauyuka goma sha ɗaya a hanyar Kango da ta Cocobeach, wasu sau da yawa. Wata ƙararrawar a hasumiyar bulo take, wata a kan ginshiƙai huɗu na katako, wata a reshen itace. A wani ƙauye ma ƙarfen tayar babbar mota suka samu rataye, Papa ya kaɗa shi da mutunci kamar sauran. Ɗanlaraba yakan hau, ya kori jemagu, ya shafa mai, ya sauya ƙusa, ya ƙulla sabuwar igiya ya sako ta a hankali don kada harshen ya motsa. Sai ya sauko ya fita waje, ya harɗe hannu a baya. Papa ya ja, shi ya saurara. Yakan ce wannan muryarta ta tsohuwa ce mai faɗa, waccan kuma ta yaron da ya fara balaga. Papa, wanda ke ce masa Alaji ko da yake bai taɓa zuwa Makka ba, yakan yi dariya ya ce shekara arba'in yana jin su, sai da Musulmi ya zo ya gaya masa halinsu.

Ƙauye guda ne ba su taɓa zuwa ba, shi ne Ebelayong, mahaifar Papa, can bayan Kango. Sai wata rana Papa ya zo rumfa yana dogara sanda, gwiwarsa ta kumbura, ya faɗi dalili. Ya ce ƙararrawarsu ta mutu shekara shida da suka wuce. Idan aka ja, sai ta yi ƙara kamar an jefar da tasa. Mutane sun ce ta tsage. Ubansa na cikin mazan da suka jawo ta daga bakin kogi a kan gungume, kwana uku suna ja, shi ya sa ba ya son ya ji ta a wannan hali. Yanzu kuma mai gari ya ce masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su sauke ta, sai fa idan wani masani ya ce tana da sauran rai.

Ranar Asabar, su uku har da Yacouba, suka isa da hantsi, bayan ruwan safe. Garin shiru, kowa ya tafi gona, sai awaki a inuwar coci da hayaƙi siriri daga wani ɗaki. Hasumiyar ta katako ce, doguwa, tsaninta gara ta ci rabinsa. Ɗanlaraba ya rataya jakarsa ya hau yana gwada kowane mataki kafin ya ɗora nauyi.

Abin da ya tarar ya ba shi mamaki. Cikin ƙararrawar duk gidajen zanzaro ne, laka a kan laka, kauri kamar yaɓen ɗaki. Harshen kuma ya karkace, ya jingina da leɓenta, ta yadda ko an buga shi ne zai danne muryar. Ya kwance harshen ya zura wa Yacouba shi da igiya. Ya yi kusan awa guda yana kankare laka, zanzaro suka harbe shi a wuya sau biyu. Da ya gama ya bi jikinta da yatsa da tocila yana neman tsaga. Tagullar ta yi kore, ta yi dabbare-dabbare, ido ba zai iya rantsuwa a kanta ba. Kunne kaɗai zai raba gardama. Igiya kuwa ba ta da amfani tunda harshen na ƙasa, kuma gyaransa sai a rumfa.

Ya leƙo ya ce a samo wanda zai hau ya buga masa. Papa ya dubi tsanin, ya dubi gwiwarsa. Yacouba ya ce shi bai yi wa kowa alkawari ba, zai hau. Ya ɗora ƙafa a mataki na biyu, katakon ya ɓalle, ya zauna daɓas a cikin taɓo. Daga nan ya ɗaga kai ya ce ko ubansa ne a sama ba zai sake gwadawa ba. Suka kewaya gidaje uku na kusa, ba kowa.

Ɗanlaraba ya zauna a kan gungumen da ke riƙe da ƙararrawar, gudumar ubansa a cinya. Ya yi ta juya maganar. Igiya ita ce kira, ya ce wa kansa, da ita ake tara mutane. Guduma kuwa ƙira ce. Abin da zai yi bai bambanta da abin da yake yi wa ƙafar kujera a rumfa ba. Garin ma ba kowa. Ya dubi ƙasa ya ga Papa tsaye, hularsa a hannu, fuskarsa a sama, kamar mai jiran likita ya fito daga ɗakin mara lafiya.

Ya yi bismilla ya buga sau ɗaya.

Muryar ta fito cikakkiya, ta cika hasumiyar, ta ratsa ƙasusuwansa, ta fita ta bi kan kurmi. Ya rufe ido yana bin ta har ta ƙare, don tsaga a wutsiyar amo take ɓuya. Bai ji kome ba. Ya matsa taku guda, ya sake bugawa a wani gefen, ya jira ta mutu. Haka ubansa ya koya masa: bugu ɗaya, shiru, sannan wani bugun. Ya hango Papa yana ɗaga sanda, bakinsa na motsi, amma kunnuwansa sun cika da amo, ya ɗauka murna ce. Sai da ya zagaye leɓen ƙararrawar da bugu bakwai sannan ya ajiye guduma. Lafiyarta ƙalau.

A cikin shirun da ya biyo baya ne ya ji kukan. Daga kurmi yake fitowa, ta hanyoyi uku, muryoyin mata. Can sai ga su a guje gwargwadon gudun tsofaffi, wata ta yar da kwandon rogo, wata hannu biyu a ka, maza na biye da adduna. Abin da Papa ke ta ƙoƙarin gaya masa ke nan. A ƙauyukan nan idan ana kiran ibada ko biki, a jere ake kaɗawa, da sauri. Bugu ɗaya-ɗaya da shiru a tsakani kuwa ma'anarsa guda ce: wani ya mutu. Shekara uku Ɗanlaraba yana yawo da Papa bai taɓa jin wannan bugun ba, don ba su taɓa zuwa jana'iza ba.

Mutanen ba su tsaya tambaya ba, kai tsaye suka nufi ɗakin da hayaƙi ke fita, na Mama Ada, tsohuwar da ta fi kowa shekaru, wadda ta yi wata biyu a kwance. Suka tarar da ita zaune a bayan ɗaki tana zuƙar lofe. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tambaya wa ya mutu. Da ta gane ita ake wa kuka, sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta sa aka kamo hannunta aka kawo ta gindin hasumiya, ta yi magana da yarensu, Papa ya fassara. Ta ce a gaya wa na saman nan ta gode. Ta daɗe tana fargabar za a binne ta da ƙarar tasa, yanzu ta ji abin da za a buga mata, kuma ya yi mata daɗi.

Kuka ya koma dariya, mai gari ya rantse ba mai taɓa ƙararrawar. Sannan aka yi abin da Ɗanlaraba ya kasa mantawa. Tunda an riga an taru, wata mata ta tura ƙofar cocin. Suka shiga da taɓon gona a ƙafafunsu, su wajen ashirin, suka durƙusa, suka fara waƙa. Yana sama yana kallonsu ta tsagar katako, gudumar na hannunsa.

A mota Papa ya yi ta ba shi haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai faɗa masa tun farko ba. Yacouba ya ce shi dai bai ga kome ba, bai ji kome ba, dama Buzu kunnensa a naɗe yake cikin rawani, kuma daga Ebelayong zuwa Lalala tafiyar awa huɗu ce, magana ba ta da kuɗin mota. A gida Ɗanlaraba ya kwashe duka ya gaya wa Salamatou tana tankaɗen gari. Ta ajiye rariya ta tambaye shi ko ya yi niyyar kiransu. Ya ce a'a. Ta ce to me ke damunsa. Ya ce sun zo.

Washegari bai kira Azahar ba, ya roƙi Mahdi ya yi. Bayan an sallame ya matsa gaban Liman, Alhaji Baraka da wasu dattawa uku na zaune, ya faɗi abin da ya faru tun daga zanzaro har zuwa lofen Mama Ada. Wani dattijo ya kasa riƙe dariya ya rufe baki da hannun riga.

Liman ya ce, "To, Ɗanlaraba, ƙira ka yi ko kira?"

"Da na ɗaga gudumar, ƙira ce, Allah gafarta Malam. Da ta sauka, ban san mi ta zama ba."

"Mutum nawa suka zo?"

"Sun kai ashirin."

Liman ya waiwaya ya dubi masallacin, inda sahu ɗaya da rabi ya tashi ɗazu. Ya ce su da lasifika biyu a kan rufi ba su tara haka ranar Lahadi. Alhaji Baraka bai yi dariya ba. Ya ce ba a kan niyya aka yi alkawari ba, a kan hannu aka yi, kuma kowa a nan shaida ne. Ya ce su baƙi ne a ƙasar mutane, 'ya'yansu na tashi a tsakanin addinai, idan iyaka ta goge a wajen ladani, a wajen wa za ta tsaya. Ba da ƙeta ya faɗa ba, Ɗanlaraba ma ya san haka.

Liman ya daɗe yana jan carbi. Ya ce niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, shi ba ya ganin zunubi a kan mutumin da ya gwada ƙarfe. Amma shi ya gindaya sharaɗin da bakinsa, ba zai lashe shi ba don yana son wanda abin ya faɗa wa. Mahdi zai ci gaba da kira. Sai dai ya bar ƙofa guda a buɗe: idan Ɗanlaraba ya bar zuwa ƙauyukan nan gaba ɗaya, bayan azumi za a zauna, kuma shi da kansa zai nemi a mayar masa da lasifika. Alhaji Baraka ya ce da wannan ya yarda.

Kwana biyar harshen ƙararrawar Ebelayong na kwance a kan teburin rumfa. Ɗanlaraba ya ɗora masa tsumma, ya cire, ya mayar. Lokacin salla yakan kashe inji kamar da, ya wanke hannu, sannan ya tuna ba sauri yake ba. Salamatou ta lura ya rage cin abinci. Aïcha ta zo daga asibiti ta ce masa, Baba, ka ba wani mai walda ya kai musu mana, ai ba kai kaɗai ba ne a garin nan. Ya ce wani zai ɗaura shi a karkace, shekara biyu ta sake mutuwa. Ta ce to sai ya zaɓa. Ya ce ya sani.

Ba wanda ya ji lokacin da ya yanke shawara. Ranar Alhamis dai maƙwabta suka ga ya haɗa gawayi a tsohon murhu, ba injin walda ba, ya sa harshen a wuta har ya yi ja, ya miƙar da shi da guduma kamar yadda ake yi a Tasawa. Ranar Juma'a bayan salla ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa Liman cewa gobe zai tafi. Ya ce shi ya kwance harshen nan da hannunsa, akwai kuma tsohuwa da ke jira, bayan wannan ma akwai wasu goma sha ɗaya da igiyoyinsu ke ruɓewa duk damina, Papa kuwa ba zai ƙara hawa ko kujera ba. Liman ya dube shi, ya tambaye shi ko ya gane abin da wannan ke nufi. Ɗanlaraba ya ce ya gane. Liman ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A Ebelayong sun tarar an yi sabon tsani. Ya hau ya ɗaura harshen, ya auna shi da zare har ya tsaya a tsakiya, ya sako igiya a hankali, ya sauko. Mutanen garin ba su je gona ba ranar. Papa ya kama igiyar, mai gari ya kama bayansa don ƙarfinsa ya ragu, suka ja tare, a jere, da sauri. Ɗanlaraba ya saurara daga bakin hanya har ya tabbata harshen na dukan inda ya kamata, sannan ya ce wa Yacouba su matsa gaba, za su dawo su ɗauki Papa idan an gama shagali.

Suka tsaya a wata 'yar gada a wajen gari, inda rafi ke bi ta ƙarƙashin gora. Rana ta riga ta karkata. Suka yi alwala, Yacouba ya ciro tabarma daga bayan mota ya shimfiɗa a gefen hanya, ya duba wayarsa ya nuna gabas. Ya tsaya yana jira. Da ya ga ba a fara kiran salla ba sai ya ce, "Kai maƙeri, ni zan yi maka kiran? Muryata ko raƙumi gudunta yake."

Ɗanlaraba ya ce ai an karɓe lasifikar.

"Ta Lalala aka karɓe. Nan daji ne, matafiya ne mu."

Ɗanlaraba ya matsa bakin tabarmar. Ya dubi hanya, ba mota, ba mutum, sai tururin ruwan safe na tashi daga jar ƙasa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannuwansa da har yanzu ke da baƙin mai a farce, ya sa yatsu a kunne. Farkon ya fito a shaƙe. Ya yi gyaran murya ya sake farawa, a hankali, har ya kai ƙarshe. Yacouba ya amsa kowace kalma a bayansa, sannan ya matso ya tsaya a damansa, suka tayar.